Metroliner: Jirgin Ƙasan Alfarma na New York zuwa Washington

Metroliner sunan wani jirgin ƙasa ne na fasinja mai gudu, wanda ya yi jigila tsakanin New York da Washington, babban birnin Amurka, daga ranar 16 ga Janairun 1969 zuwa 27 ga Oktoban 2006. Tafiyar kilomita 364 ce, ta Newark, Trenton, Philadelphia, Wilmington da Baltimore, kuma a mafi yawan shekarunsa yakan cinye ta cikin awa uku ko kusa da haka. Tikitinsa ya fi na sauran jirage tsada, ba a shigarsa sai da kujerar da aka riga aka kama, kuma tashoshin da yake tsayawa kaɗan ne. Kamfanin Penn Central ne ya fara gudanar da shi, sannan Amtrak, kamfanin jiragen ƙasa na fasinja da gwamnatin tarayya ta kafa, ya gaje shi a 1971.

Sunan yana nufin abu biyu, kuma ya kamata a raba su tun daga farko. Akwai taragu 61 masu tuƙa kansu da wutar lantarki, waɗanda kamfanin Budd ya ƙera, su ne asalin Metroliner. Akwai kuma jigilar kanta, wato jadawalin, kujerun da farashin. Taragun shekara 12 kawai suka yi suna wannan aiki, cikin wahala da yawan lalacewa. Jigilar kuwa ta yi shekara 37, kuma ita ce ta dawo da masu hannu da shuni da 'yan kasuwa cikin jirgin ƙasa a lokacin da kowa ya fid da rai da shi a Amurka.

Asali

A farkon shekarun 1960 jirgin ƙasa na fasinja a Amurka yana ta ja da baya. Manyan tituna sun kwashe masu mota, jiragen sama sun kwashe masu sauri. A 1961 kamfanin Eastern Air Lines ya buɗe jigilarsa ta kai-da-komo tsakanin New York da Washington, inda fasinja zai zo filin jirgi ba tare da ya kama kujera ba, ya hau, ya biya a cikin jirgi. Kamfanin Pennsylvania Railroad, mai layin dogon da ya haɗa biranen biyu, ba shi da amsar wannan. Talaucinsa ya kai har ya bari aka fara rushe ginin babbar tasharsa ta New York a 1963.

Sai ga Jafan ta buɗe layin Shinkansen tsakanin Tokyo da Osaka a ranar 1 ga Oktoban 1964, jiragen suna gudun sama da kilomita 200 a awa. Abin ya taɓa Amurkawa. Sanata Claiborne Pell na jihar Rhode Island ya daɗe yana kiran a farfaɗo da jirgin ƙasa a yankin arewa maso gabas, inda birane suka jeru kusa da juna, tituna da filayen jirgin sama suka cika maƙil. A ranar 30 ga Satumban 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar sufurin ƙasa mai sauri, wadda ta ba gwamnatin tarayya damar zuba kuɗi a gwajin jirage masu gudu.

A nan aka yanke shawarar da ta bi Metroliner har ƙarshensa. Jafan sabon layi ta shimfiɗa, miƙaƙƙe, na jirage masu gudu kaɗai. Amurka ta zaɓi ta ɗora sabon jirgi a kan tsohon layi, wanda jiragen kaya da na 'yan zuwa aiki suke bi, aka kuma tsayar da wa'adin ƙasa da shekara biyu. Masu harkar sun san gajeren lokaci ne, amma siyasa tana son a ga abu da ido kafin zaɓe.

Taragun Budd

A 1966 aka ba kamfanin Budd na Philadelphia kwangilar taragu 50, daga baya aka ƙara 11 da aka yi niyyar sa wa layin Philadelphia zuwa Harrisburg. Cikin 61 ɗin, 31 na zama ne zalla masu kujeru 76, 20 masu kujeru 60 da kantin abinci a tsakiya, 10 kuma na masu babban tikiti, masu kujeru 34. Tsawon kowane tarago mita 26 ne, jikinsa na ƙarfe mara tsatsa, mai zubin bututu, da ƙananan tagogi irin na jirgin sama. Da gangan aka yi hakan, domin fasinjan jirgin sama ake zawarci.

Babu kan jirgi a gaba mai jan sauran. Kowane tarago yana da injinan lantarki huɗu, ɗaya a kan kowane sandan ƙafafu, da taransifomarsa, da ɗakin direba a baki ɗaya. Ana haɗa su bibbiyu, baya da baya, a tayar da jirgi mai tarago huɗu ko shida. Wutar daga wayar da ke sama take zuwa, mai ƙarfin volt 11,000 da bugu 25 a daƙiƙa, tsarin da Pennsylvania Railroad ya kammala kafawa zuwa Washington tun 1935. Wani hannun ƙarfe mai naɗewa a kan rufin tarago ne yake gogar wayar yana jawo wutar.

An nemi taragun su iya gudun kilomita 257 a awa, domin kawai a zarce Jafan. Wannan buri ya sa aka cusa musu manyan injina da kayan wuta masu yawa, har nauyin kowane ya kusa tan 75. An kuma raba kwangilar kayan wutar biyu: Westinghouse ya yi na taragun zama, General Electric ya yi na masu kanti da na babban tikiti. Sakamakon shi ne makanikai suna kula da tsari biyu mabambanta a cikin jirgi ɗaya, kowane da kayan gyaransa da halinsa.

Shi kuma Pennsylvania Railroad ya gyara hanya daidai ƙarfinsa. An sa dogo mai walda a wurare da yawa maimakon guntaye masu haɗi da kusoshi, an canza wayar sama da mai kauri, an ɗaga dandamalin tashoshin Wilmington, Baltimore da Washington ya yi daidai da ƙofar tarago, domin fasinja ya shiga kai tsaye ba hawa matakala, jirgi ya tashi da wuri.

Gwaji da jinkiri

An sa ranar fara aiki a watan Oktoban 1967, ba a cika ba. A miƙaƙƙen layin da ke tsakanin New Brunswick da Trenton a jihar New Jersey taragun sun kai gudun kilomita 264 a awa, abin da ya nuna ƙarfin yana nan. Sai dai gwajin ya tono abubuwan da ba a yi tsammani ba.

Wayar sama, duk da an sa mai kauri, tsarinta irin na da ne, an ɗaure bakinta biyu tam. Da zafi takan saki ta yi lanƙwasa, da sanyi ta ɗame. In jirgi ya yi gudu sosai, hannun jan wutar yakan tura wayar sama, ta yi rawa, hannun ya rabu da ita na ƙiftawar ido sannan ya sake kamawa. Duk sake kamawa, taransifoma takan zuƙi wuta mai yawa lokaci guda. Na'urorin kariya na tashoshin raba wuta, waɗanda aka saita don tsofaffin jirage, sukan ɗauka wayoyi ne suka haɗu, su yanke wutar sashen baki ɗaya. Haka nan an gano cewa in Metroliner ya gifta tsohon jirgin 'yan zuwa aiki a guje, iskar da yake turawa da wadda yake ja tana iya fizge gilasan tagogin wancan jirgin.

Ana cikin haka Pennsylvania Railroad ya haɗe da New York Central a ranar 1 ga Fabrairun 1968, aka sami Penn Central, kamfanin da aka haifa da bashi a wuya. Taragun Westinghouse sun fi ba da wahala, don haka da na General Electric aka buɗe aiki, sauran suka biyo baya a hankali.

Fara jigila

Ranar farko zuwa da dawowa ɗaya ne kacal, a kan awa 2 da minti 59. Jama'a suka yi rububinsa, aka ƙara na biyu cikin 'yan makonni. A watan Afrilun 1969 aka sa wanda ba ya tsayawa ko'ina, mai awa biyu da rabi, wato matsakaicin gudun kilomita 145 a awa daga tasha zuwa tasha. Wannan bai daɗe ba. Iyakar gudun da aka yarda da shi da fasinja a ciki kilomita 193 ne a awa, kuma ba a jima ba aka rage shi.

Abin da fasinja yake saye da ƙarin kuɗinsa a bayyane yake. Kujerarsa tabbas ce. Ƙasan tarago shimfiɗe yake da darduma, da na'urar sanyaya ɗaki da fitilar karatu. A taragon babban tikiti, wanda ake kira Metroclub, kujeru ɗai-ɗai ne a kowane gefe, masu juyawa, ana kawo wa mutum abinci inda yake zaune. Sama da duka, jirgin yana ɗaukar mutum daga tsakiyar Manhattan, zuciyar birnin New York, ya sauke shi a tashar Union ta Washington, tafiyar 'yan mintuna da ƙafa zuwa ginin majalisar dokoki. Wanda ya lissafa zuwa filin jirgin sama, jira, da fitowa daga wancan filin, zai ga tazarar ba ta da yawa.

Akwai kuma wayar tarho ta jama'a a cikin jirgin, wadda kamfanin Bell ya kafa. An raba hanyar yanki-yanki, kowane da eriyarsa, ana maimaita tashoshin rediyo kaɗan a yankunan da suka yi nesa da juna, wata kwamfuta a Philadelphia tana miƙa kiran daga yanki zuwa yanki yayin da jirgin ke tafe. Masu tarihin sadarwa suna lissafa wannan a matsayin karon farko da aka yi kasuwanci da dabarar da wayar salula take aiki da ita a yau.

An gina sababbin tashoshi biyu a bakin manyan tituna don masu zuwa da mota daga unguwannin bayan gari: Capital Beltway a jihar Maryland a 1970, da Metropark a New Jersey a 1971. Ta farkon an maye gurbinta da New Carrollton a 1983, ta biyun tana aiki har yanzu.

Penn Central ya karye a watan Yunin 1970, karyewar kamfani mafi girma da Amurka ta taɓa gani zuwa lokacin. Amtrak ya karɓi jigilar fasinja a ranar 1 ga Mayun 1971, ya tarar Metroliner ne abin alfaharin da ya gada. Ya ƙara yawan jiragen har suka zama kusan kowace awa, ya miƙa wasu zuwa New Haven, wani birni a kan hanyar New York zuwa Boston. Daga cikin fasinjojin yau da kullum a wannan hanya akwai Joe Biden, wanda ya yi shekara 36 yana sanata yana zuwa Washington daga Wilmington ya koma gida da dare.

Inda ciwon yake

Babban laifin taragun wurin da aka sa kayan wuta ne. Domin a bar sarari ga kujeru, an cusa taransifoma, na'urorin sarrafa gudu, fankoki da sauransu duk a ƙarƙashin dabe, tazara kaɗan daga tsakuwar dogo. Kayan wuta masu wannan ƙarfi suna buƙatar iska mai yawa don su huce, fankokin kuma daga ƙasa suke zuƙo ta. Da rani suna zuƙo ƙura, garin ƙarfen birki da tarkace, matatun iska su toshe, kaya su ɗau zafi. Da hunturu abin ya fi muni: jirgi mai gudu yana tayar da dusar ƙanƙara mai laushi kamar gari, fanka ta shigar da ita, ta narke a kan kayan da suka yi zafi, ruwa ya haɗa wayoyi, tarago ya mutu.

Birkin ma yana cikin wannan rikici. Don rage gudu daga sama, injinan sukan juye su zama janareta, wutar da suka samar a zuba ta cikin wasu ƙarafa masu shanye ta su mai da ita zafi. Waɗannan ƙarafan su ma a ƙasa suke, kusa da kayan da ake ƙoƙarin sanyayawa. Jirgin da yake tashi da ƙarfi, ya taka birki a kwana, ya sake tashi, sau da dama cikin awa uku, yana dafa cikinsa ne da kansa.

Tsarin tarago mai tuƙa kansa yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. In kan jirgi ya lalace, sai a cire shi a sa wani, taragun fasinja su ci gaba da aiki. A Metroliner kuwa, lalacewar inji ɗaya tana nufin kujeru 60 ko 76 sun tafi wurin gyara. Jirgi mai tarago shida yana da taransifoma shida da injina 24, kowane yana iya zama sanadin tsayawa. Ma'aikatar gyara ta Wilmington ba ta rabuwa da su, kaso mai tsoka na taragun kullum yana kwance.

An yi ƙoƙarin magani. A farkon shekarun 1970 ma'aikatar sufuri ta biya aka sake fasalin taragu huɗu a matsayin gwaji, aka ɗauke ƙarafan birki da mashigar iska aka mai da su kan rufi, cikin wani tozo mai tsawo. Dabarar ta yi aiki gwargwado, don haka daga 1978 zuwa 1980 General Electric ya sake gina sama da 30 a masana'antarsa ta Erie. Kuɗi masu yawa suka tafi, nauyi ya ƙaru, amincin kuma bai kai yadda aka so ba.

Ita ma hanyar ba ta taimaka ba. Penn Central ya bar dogo ya lalace a shekarun talaucinsa, aka yi ta sa dokar rage gudu a sassa daban-daban, har jadawalin ya zarce awa uku a ƙarshen shekarun 1970. Akwai kuma wuraren da ko dogon sabo ne ba a gudu. Ramin Baltimore da Potomac, wanda aka buɗe a 1873, yana da kwana da gangara, jirgi ba ya wuce kilomita 48 a awa a cikinsa. Gadar Portal a kan kogin Hackensack, ta 1910, mai juyawa ce don jiragen ruwa su wuce, wani lokaci in an buɗe ta takan ƙi rufuwa daidai. Minti ɗaya da aka rasa ana rarrafe a irin waɗannan wurare, sai an yi kilomita masu yawa a guje kafin a fanshe shi. Shi ya sa gudun kilomita 257 da aka biya kuɗinsa da nauyi da zafi bai taɓa amfanar fasinja ko ɗaya ba.

Kan jirgin Suwidin

Gyaran gaskiya ya fara ne da dokar farfaɗo da jiragen ƙasa ta 1976, wadda ta mallaka wa Amtrak mafi yawan layin arewa maso gabas, ta kuma ware dala biliyan 1.75 don gyaransa. An cire katakan da ke ƙarƙashin dogo aka sa na kankare, an ƙara dogo mai walda, an gyara gadoji da sigina, an rufe mararrabar mota da jirgi tsakanin New York da Washington. Aikin ya jawo jinkiri shekaru da dama kafin a ci moriyarsa.

A gefen taragu, Amtrak ya riga ya ɗauki abin da yake da kyau a Metroliner, wato gangar jikinsa, ya sa Budd ya ƙera 492 marasa inji tsakanin 1975 da 1977, su ne Amfleet. Saura kan da zai ja su. Wanda General Electric ya kawo, E60, asalinsa na jan kaya ne, ya yi nauyi, ya kuma sauka daga dogo a Bowie ta Maryland lokacin gwaji a 1975, aka taƙaita gudunsa. Sai Amtrak ya aro kai biyu daga Turai, ɗaya daga Faransa, ɗaya daga Suwidin, ya gwada su a layinsa. Na Suwidin, Rc4 na kamfanin ASEA, ƙarami ne, mara nauyi, ya kuma saba da ƙanƙara. A kansa aka gina AEM-7, mai ƙarfin doki 7,000 da gudun kilomita 201 a awa, wanda ya fara aiki a 1980. Saboda zubinsa na akwati, ma'aikata suka laƙaba masa sunan na'urar gasa burodi.

A watan Oktoban 1981 aka janye taragun Budd na ƙarshe daga jigilar Metroliner. Daga nan sunan ya koma kan AEM-7 mai jan taragun Amfleet, waɗanda aka rage wa yawan kujeru don a sami wurin miƙe ƙafa. Da gyararriyar hanya, jadawalin ya koma ƙasa da awa uku, kuma a wannan karon ana cika shi. Shekarun 1980 da 1990 su ne lokacin da Metroliner ya fi kowane lokaci inganci, da kayan da ba su kai na farkon burin gudu ba. Sunan ya yi farin jini har Amtrak ya gwada shi a layin Boston daga 1982 zuwa 1984, da kuma tsakanin Los Angeles da San Diego a tsakiyar shekarun 1980, amma duka biyun ba su ɗore ba.

Zuwan Acela

A 1993 Amtrak ya sake aron jirage daga Turai, X2000 na Suwidin mai karkata jiki a kwana da ICE na Jamus, ya sa su ɗaukar fasinja a jadawalin Metroliner na 'yan watanni don ya ga yadda za su yi. Kwangilar ƙera sababbin jirage masu gudu ta faɗa hannun haɗin gwiwar Bombardier na Kanada da Alstom na Faransa a 1996, a ƙarshe ta kai jirage 20. Da aka kammala ja wa layin New Haven zuwa Boston wutar lantarki, sabon jirgin, mai suna Acela Express, ya fara aiki a ranar 11 ga Disamban 2000, yana kai kilomita 241 a awa a wasu sassa tsakanin New York da Boston. A kudu kuwa tsohuwar wayar sama ta daɗe tana riƙe shi a kilomita 217, don haka 'yan mintuna kawai ya rage daga lokacin Metroliner.

Sannu a hankali Acela ya karɓe jadawalin, amma sau biyu ana komawa ga tsohon. A watan Agustan 2002 aka ga tsagewa a ƙarafan da ke riƙe na'urar hana tangaɗi a kawunan Acela, aka dakatar da su na ɗan lokaci. A watan Afrilun 2005 aka gano tsagewa a fayafayan birki kimanin 300 daga cikin 1,440, aka janye jiragen 20 duka. Metroliner ne ya ɗauki fasinjojin har Acela ya fara dawowa a watan Yuli. Bayan nan aka bar masa zuwa da dawowa ɗaya a ranakun aiki, kuma na ƙarshe ya yi tafiyarsa a ranar Juma'a, 27 ga Oktoban 2006.

Makomar taragun

Taragun Budd da aka janye a 1981 an mai da su layin Harrisburg, inda suka yi aiki da sunan Capitoliner zuwa ƙarshen shekarun 1980, a ƙarshe ma kan jirgi ne yake jan su domin injinansu sun gaji. An yanka wasu. Wasu kuma aka cire musu kayan wuta aka bar ɗakin direba, suka zama taragon gaba a jiragen da kai yake turawa daga baya, yadda jirgi zai koma inda ya fito ba sai an juya shi ba. A wannan aiki sun yi shekaru masu yawa a layukan Harrisburg, Springfield da San Diego, fiye da shekarun da suka yi suna tuƙa kansu. Tarago mai lamba 860, ɗaya daga cikin masu kantin abinci, yana ajiye a gidan tarihin jiragen ƙasa na jihar Pennsylvania da ke garin Strasburg.